Ƙananan Fitilu da Taurarin Alkawari

Karatu: Farawa 15:1-6; Ishaya 50:10-11
Ayar haddacewa: Zabura 147:4

Kafin ka ci gaba da wannan darasi, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyi shida na farko na Farawa 15 a hankali. Ka lura da abu ɗaya. A ina Abram yake sa'ad da yake kai kukansa ga Ubangiji, a ina kuma yake sa'ad da ya ba da gaskiya? Aya ta 5 ta nuna mana cewa sai da aka fitar da shi, wato ke nan da farko yana ciki. Kukan a ƙarƙashin rufi ya yi shi. Bangaskiya kuwa a fili ta same shi, cikin dare, kansa a ɗage.

Ka tuna abin da ya faru kafin wannan dare. A sura ta 14 Abram ya ci yaƙi, ya kuɓutar da Lutu, ya kuma ƙi karɓar dukiyar da sarkin Saduma ya miƙa masa. Kowa zai ce mutumin nan yana cikin nasara. Amma kalmar farko da Ubangiji ya faɗa masa ita ce kada ya ji tsoro, domin Allah ya san abin da ke cin zuciyarsa. Yana da shekara 75 ya bar Haran bisa ga alkawarin zuriya, shekaru sun shuɗe, Saraya ba ta haihu ba, magajin gidansa kuma Eliyezer ne na Dimashƙu. Abram bai ɓoye damuwarsa ba, Allah kuma bai tsawata masa ba. Ya sāke faɗa masa alkawarin, sa'an nan ya ba idonsa aikin da ya fi ƙarfinsa: ya ƙirga taurari in zai iya.

Yanzu ka yi tunanin wannan. Da a ce a tsakiyar Sabon Garin Kano aka fito da Abram yau, a daren da akwai wuta, janareto na ruri ta ko'ina, fitilun shaguna da na motoci sun cika titi, da ya ƙirga taurarin ya gama kafin kofin shayi ya huce. Da kuwa darasin da Allah yake so ya koya masa bai shiga ba.

Ina taurarin suka tafi?

Babu inda suka je. Suna nan yadda suke tun zamanin Abram. Abin da ya canja yana ƙasa, a wurinmu. Fitilar da ba ta da murfi a samanta tana watsa haske ta kowane gefe, har da sama inda babu mai bukatarsa. Hasken nan ya tashi ya gamu da ƙura da raɓar da ke cikin iska, su kuma su maido shi ƙasa, sai sararin sama ya yi fari-fari ko ja-ja maimakon baƙi. Tauraro mai ɗan ƙaramin haske ba zai iya keta wannan labule ba. Wanda ya taɓa shigowa Kano da dare ta hanyar Wudil ya san abin da nake nufi: tun kana nesa kake hango sama ta yi ja a kan birnin, kamar ana ƙona daji. Masana suna kiran wannan gurɓatar dare da hasken fitilu.

A wuri mai duhu sosai, idon mutum mai lafiya yana iya ganin taurari wajen 2,000 zuwa 3,000 a lokaci guda. Yana kuma ganin wata farar hanya mai kama da hayaƙi ta ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan farar hanya taurari ne fiye da biliyan 100, sun yi nisa har ido ba ya iya rabe ɗaya da ɗaya, rana tamu ma ɗaya ce daga cikinsu. A 2016 wani masani ɗan Italiya, Fabio Falchi, da abokan aikinsa suka fitar da taswirar hasken dare ta dukan duniya. Sun gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin sama da fitilu suka gurɓata, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa iya ganin farar hanyar nan daga inda suke zaune. A Amurka da Turai, kashi 99 cikin 100 ne ke ƙarƙashin irin wannan sama. Ƙasashen da mutanensu suka fi samun dare mai tsabta su ne Cadi maƙwabciyarmu, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da Madagaska. Wani bincike na 2023, wanda ya tattara rahotanni fiye da 50,000 daga mutanen da suka fita suka duba sama da idonsu, yawancinsu a Turai da Amurka, ya nuna hasken na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Idan aka ci gaba haka, yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 sauran 100 zai riƙa gani.

Har ta kai wasu ƙasashe suna keɓe fili suna hana fitilu barkatai a cikinsa, yadda ake keɓe gandun daji. A Namibiya akwai irin wannan wuri mai suna NamibRand, wanda aka amince da shi a 2012, baƙi kuma suna biyan kuɗin jirgi daga Turai su je su kwana can don su ga sama kawai. Abin da mai tsaron gonar shinkafa a fadamar Hadejia yake gani kyauta kowane dare, shi ne wani yake tara kuɗin shekara don ya gani sau ɗaya.

Mu ma a nan Kafin Hausa abin ya fara taɓa mu. Tun da aka kafa jami'a a garin nan a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, gari ya buɗe, ɗakunan haya da shaguna sun ƙaru, fitilun sola sun cika bakin titi da ƙofofin gidaje. Kada wani ya ji kamar ina kukan wannan. Fitila alheri ce. Ɗalibi yana karatu da ita, ungozoma tana karɓar haihuwa da ita, mai shayi da mai tsire suna neman abincinsu a ƙarƙashinta, wanda kuma ya taɓa taka kunama cikin duhu ba zai raina ta ba. Duk mun ɗanɗana wahalar rashinta a ƙarshen Oktoba 2024, sa'ad da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, masu injin casar shinkafa da masu sayar da ƙanƙara suka tafka asara. Amma bari in tambaye ka: a cikin waɗancan darare, wata yana ƙarshensa, ka ɗaga kai kuwa? Ko dai idonka yana kan waya, kana lissafin sauran caji?

Domin fitilar da ta fi rufe mana sama a yau ba ta kan falwaya. Tana cikin tafin hannunmu. Allah ya yi ido da hikima: idan ka shiga duhu, ƙwayar idonka tana buɗewa, amma kafin ido ya saba sosai har ya fara kama ƙananan taurari, sai ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Ka kalli fuskar waya sau ɗaya tak, ka koma baya, sai ka sāke jira. Abin da ke kusa, komai ƙanƙantarsa, yana iya rufe abin da ke nesa, komai girmansa. Tocilan ta naira kaɗan a gaban fuskarka ta isa ta ɓoye maka taurari dubu.

Duhu iri biyu

Yanzu koma Ishaya 50, aya ta 10 da ta 11, ka karanta sau biyu. Aya ta 10 tana magana da wani irin mutum da ba mu cika yin wa'azi a kansa ba. Mutumin yana tsoron Ubangiji, yana biyayya ga Bawan Ubangiji, duk da haka yana tafiya cikin duhu, ba ya ganin gabansa. Annabin bai ce ya tuba ba, bai kuma ce an yi masa asiri ba. Ya umarce shi ya dogara ga sunan Ubangiji, ya jingina ga Allahnsa.

Mu da muke ba da gaskiya ga ikon Ruhu Mai Tsarki da ceto daga aljannu, wani lokaci mukan yi saurin ɗora wa Shaiɗan alhakin kowane duhu. Gaskiya ne akwai duhun zunubi, wanda Yohanna 3:19-20 da 1 Yohanna 1:6 suke magana a kai, maganinsa kuwa tuba ne, ba jira ba. Akwai kuma aikin mugun, wanda muke tsawata wa cikin sunan Yesu. Amma akwai dare na jira, wanda Allah da kansa yake bi da 'ya'yansa ta cikinsa. Zabura 74:16 da 104:20 sun shaida cewa dare ma nasa ne, shi ya yi shi. Idan ka kwana kana ɗaure abin da Allah ne ya kawo shi don ya nuna maka wani abu, za ka wayi gari da dasasshiyar murya, ba ka kuwa ga komai ba.

Aya ta 11 ta juya ga waɗanda ba su iya jira ba. Sun hura wutarsu, sun kunna 'yan bakin wutarsu, suna tafiya cikin hasken da suka yi wa kansu. Ƙarshensu, in ji annabin, kwanciya ce cikin azaba. Abin baƙin ciki, Abram kansa ya gwada wannan. Sura ɗaya kacal bayan daren taurari, a Farawa 16, shi da Saraya suka kunna tasu fitilar, wato Hajaratu. Dabarar ta yi daidai da al'adar zamanin, ta kuma ba da sakamako nan da nan, gida ya sami ɗa. Amma gida ya sami kishi da kuka kuma. Abram yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, Nassi kuma bai rubuta wata magana daga Allah zuwa gare shi ba sai da ya kai 99. Shekara 13 ke nan. Ishaku bai zo ba sai yana da 100.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wace fitila ce ake miƙo maka a wannan lokaci? Ke da kika shekara takwas a ɗakin miji babu haihuwa, dangin miji suna magana, wata ta ce ta san wani mai magani a wani ƙauye, babu wanda zai sani. Kai da ruwa ya cinye gonarka, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa mutane a Bulangu da Auyo da Hadejia, wani yana nuna maka bashi mai ruwa wanda zai haɗiye girbinka na shekara biyu. Kai matashi da ka gama bautar ƙasa babu aiki, cacar ƙwallo ta waya tana yi maka ƙyalli. Har cikin masu kiran sunan Yesu akwai masu sayar da mai da ruwa a kwalba, suna yi maka alkawarin buɗi cikin kwana bakwai idan ka biya. Dukansu suna ba da haske, ban musa ba, shi ya sa suke jan mutane. Amma hasken taku uku ne, muddin kuma yana gaban idonka ba za ka ga alkawarin ba.

Ba ina cewa ka naɗe hannu ba. Zuwa asibiti don binciken haihuwa, miji da mata tare, ba kunna wutar kai ba ne. Haka neman iri mai saurin nuna, ko koyon sana'a. Ma'aunin shi ne wannan: abin da kake shirin yi, za ka iya faɗinsa a gaban Ubangiji da gaban dattawan ikkilisiya, ko sai an ɓoye?

Aya ta 6 ta Farawa 15 ta ce Abram ya gaskata. A Ibrananci, kalmar da aka yi amfani da ita ta fito daga tushe ɗaya da Amin da muke faɗa a ƙarshen addu'a, tushen yana ɗauke da ma'anar abu mai ƙarfi da za a iya jingina a kansa. Abram ya ce wa Allah amin alhali babu abin da ya canja a gidansa. Saraya tana nan yadda take. Manzo Bulus ya gina koyarwar barata ta wurin bangaskiya a kan wannan aya a Romawa 4 da Galatiyawa 3. A Galatiyawa 3:29 kuma ya ce duk wanda yake na Almasihu zuriyar Ibrahim ne. Ka gane abin da wannan yake nufi? Cikin taurarin da tsohon nan ya kāsa ƙirgawa a wancan dare, kai ma kana ciki, kai da kake zaune a Kafin Hausa cikin 'yar ƙaramar ikkilisiya da wani lokaci ba ta cika benci biyar ba. Shi bai ga yawancinmu ba. Ya rasu yana da shekara 175, jikokinsa Isuwa da Yakubu suna 'yan shekara 15. Amma wanda Zabura 147:4 ta ce ya san adadin taurari da sunan kowannensu bai ɓatar da lissafi ba.

Fitilun gidan sujada

Akwai abin da ya shafe mu a matsayin ikkilisiya, gara kuma a faɗe shi. Mukan kafa manyan fitilu a harabar majami'a muna haska su waje, musamman a daren addu'ar kwana, da sunan tsaro. Tsaro wajibi ne, babu mai gardama. Amma fitilar da ke dukan ido tana makantar da mai gadi, tana kuma yin inuwa mai kauri a bayanta inda ɓarawo zai laɓe. Rabin haskenta yana tafiya sama, ga kuwa tsadar man janareto tun da aka cire tallafi a 2023. Sauran yana shiga tagar maƙwabcinmu, wanda zai tashi sallar asuba, ya wuce gona ko kasuwa. Romawa 13:10 ba ta bar mana wurin cutar da maƙwabci ba, ko da da fitila ne, balle lasifika. Maganin ba shi da tsada: a sunkuyar da kan fitilar ta kalli ƙasa, a sa maƙeri ya yi mata 'yar rumfa da guntun kwano, a kashe wadda ba a bukata. Harabar za ta fi haske inda ƙafa ke takawa. Ko tsuntsayen da ke zuwa dausayin Baturiya daga Turai kowace shekara, da yawa cikin irinsu da dare suke tafiya, fitilun birane kuma sukan ruɗa su su ɓata hanya.

Ya kamata kuma mu tuna cewa Ubangijinmu Yesu, a Markus 1:35, ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da babu kowa. A Luka 6:12 ya kwana a kan dutse yana addu'a kafin ya zaɓi manzanni. Addu'ar murya mai ƙarfi tana da wurinta. Shiru a gaban Allah ma yana da nasa, mu kuwa mun fi ƙwarewa a ta farkon.

Gargaɗi ɗaya kafin ka fita. Duban taurari don a yabi Mahalicci dabam yake da duba don a san ƙaddara. Maimaitawar Shari'a 4:19 ta hana yi musu sujada, Ishaya 47:13-14 kuma ya yi wa masu duba na Babila ba'a, ya ce ko kansu ba za su iya ceta ba. Abin da ake yaɗawa a Facebook na cewa watan haihuwarka ne yake nuna halinka ko mijin da za ki aura, tsohon bokanci ne ya sāke riga. Tauraro halitta ne, ba ya sanin sunanka.

Aikin wannan wata

Ka shirya fita sau ɗaya tare da iyalinka ko ƙungiyar addu'arku. Lokaci mafi kyau a ƙasarmu shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazon hunturu ya sauko, domin ƙura tana rufe taurari ko babu fitila. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi a damina ma yana da kyau, iska ta wanku, farar hanyar nan kuma a lokacin ta fi fitowa. Ka bi lissafin wata: daga wajen 22 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, farkon dare ba shi da farin wata. Ba sai kun yi nisa ba. Bayan gari kaɗan ya isa, inda gini ko itatuwa za su tare muku fitilun titi, ku juya wa gari baya.

Ku yi shi da hankali. Kada kowa ya tafi shi kaɗai, kada 'yan mata da samari su fita ba tare da manya ba. Ku sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri don kada a yi muku mummunan zato. Ku sa rufaffen takalmi saboda macizai, musamman kusa da fadama, kada kuma ku taka shukar kowa. Ku haska hanya da tocila har ku duba wurin zama ku shimfiɗa tabarma, sa'an nan a kashe komai, wayoyi su shiga aljihu. Wanda ba zai iya fita ba, tsakar gida ma ta isa idan aka kashe fitilu.

Minti goman farko za ku ce babu wani abin gani, yara za su fara ƙorafi. Ku daure. A watan Nuwamba da farkon dare, ku dubi gabas za ku ga Kaza da 'Ya'yanta, ɗan curin taurari da yawancin idanu ke ƙirga shida ko bakwai a ciki. In dare ya ɗan yi, Mafarauci da Kare da Zomo zai biyo baya, da taurarinsa uku a jere. Waɗannan su ne Ubangiji ya tambayi Ayuba a kansu a Ayuba 38:31, su ne kuma annabi Amos, makiyayi da ya saba kwana a fili, ya ambata a 5:8. Haske yana gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya, duk da haka hasken Kaza da 'Ya'yanta da zai shiga idonku a daren nan ya yi fiye da shekara 400 yana kan hanya.

Ku sa yara su gwada ƙirgawa har su gaji. Wani babba ya ba su labarin Farawa 15 da ka, tunda babu fitilar karatu. Bayan haka kowa ya faɗa wa Ubangiji, a hankali, abin da yake jira da kuma fitilar da ake miƙo masa. Ku yi addu'a domin ma'auratan da ke neman haihuwa a cikinmu, da manoman bakin kogi, da ɗalibanmu na jami'a, da maƙwabtanmu ɗaya ɗaya da sunayensu. Ku koma gida kafin dare ya tsala.

Karatun mako mai zuwa: Ishaya 40:21-31.